Labarin Yohanna Komeniyus, Malamin Malamai

Kowane malamin da ya taɓa koyarwa a makarantar ekklesiya ya san yadda rana takan tafi. Da safe a yi addu'a, a yi waƙa, a karanta Littafi Mai Tsarki na rabin sa'a. Daga nan sai a rufe Littafin, a ajiye shi a kan tebur, a ɗauko lissafi da labarin ƙasa da sauran darussa, ba a ƙara komawa kansa sai gobe. To, me ya mai da wannan makaranta ta Kirista? Rabin sa'ar nan ta safe kaɗai? Wajen shekara 400 da suka wuce an yi wani bawan Allah a ƙasar Turai wanda tambayar nan ta hana shi sakat, ya kuwa ƙare kwanakinsa yana neman amsarta. Sunansa Yohanna Amos Komeniyus. Mutanen ƙasarsa suna ce da shi Yan Amos Komenski.

An haife shi ran 28 ga watan Maris, 1592, a Morabiya, wani yanki na ƙasar da ake kira Jamhuriyar Cek yau. Iyayensa na wata ƙaramar ekklesiya ne mai suna Haɗin Kan 'Yan'uwa. Asalinta daga koyarwar Yohanna Hus ne, mai wa'azin birnin Prag, wanda aka ƙone da wuta a 1415 saboda ya ƙi musun abin da ya gaskata. Waɗansu mabiyansa suka kafa ekklesiyar a 1457, tun ba a haifi Martin Luther ba. Mutane ne masu son karatu da waƙoƙin sujada, masu tsananin horo kuma. Tsakanin 1579 da 1593 malamansu suka juya Littafi Mai Tsarki duka daga Ibrananci da Helenanci zuwa harshen Cek, domin manomi da masaƙi su ji Maganar Allah da bakin da suka tashi da shi.

Yana da shekara 12 ke nan uwa da uba suka mutu, da 'yan'uwansa mata biyu. Aka kai maraya wurin gwaggonsa a garin Straznice, amma ba a daɗe ba, a 1605, sojoji suka ƙone garin. Saboda wannan duka karatunsa ya yi baya ƙwarai. Sai da ya kai shekara 16 ya shiga makarantar Latin a Prerov, ya zauna a benci ɗaya da ƙanana waɗanda ya girme su nesa.

Wannan jinkiri ya zama masa alheri ta wata hanya. Ƙaramin yaro yakan sha wuya a makaranta, ya ɗauka haka duniya take. Komeniyus kuwa saurayi ne, idonsa a buɗe, yana iya auna abin da ake yi musu. Ga abin da ya gani. Ana sa yara haddace ka'idodin Latin da harshen Latin ɗin kansa, wanda ba su ji ba tukuna. Suna maimaita kalmomi ba su san abin da kalmomin suke nufi ba. Wanda ya manta, sai bulala. Abin da za a iya koya cikin shekara ɗaya yakan ci shekara biyar, har goma. Daga baya ya kwatanta makarantun zamaninsa da mahauta, wurin da ake yanka hankalin yara. Ya yi ta baƙin cikin shekarun ƙuruciyarsa da suka lalace, ya ƙudura kuma a ransa kada a yi wa na baya haka.

Dattawan ekklesiya suka ga hazikancinsa, suka aike shi Jamus. Ya yi karatu a Herborn daga 1611, sa'an nan a Heidelberg. A 1614 ya komo gida da ƙafa, gama guzurinsa ya ƙare. Ya koyar a tsohuwar makarantarsa, aka naɗa shi mai hidima a 1616, a 1618 kuwa aka ba shi ekklesiyar Fulnek da makarantarta. A wannan shekara ya yi aure.

A wannan shekara kuma aka fara yaƙin nan da ake kira Yaƙin Shekara Talatin. Manyan Bohemiya, maƙwabciyar Morabiya, yawancinsu Furotesta, suka tayar wa sarki Ferdinand, wanda yake Katolika. A watan Nuwamba, 1620, aka ci su a yaƙi a Farin Dutse, kusa da Prag. A 1621 aka kashe shugabanninsu 27 a dandalin birnin, aka fara korar pastoci. Sojoji suka shiga Fulnek, Komeniyus ya gudu ya ɓuya. Yana cikin ɓuya annoba ta kashe matarsa da 'ya'yansa maza biyu a 1622. A 1623 aka tara littattafansa a dandalin Fulnek aka sa musu wuta. Ya yi shekara bakwai yana ɓuya daga wannan gida zuwa wancan, yana ƙarfafa masu bi a asirce. A 1627 sarki ya ba da doka, kowane babban mutum ya koma Katolika ko ya bar ƙasa, inuwar da 'Yan'uwa suke fakewa ciki ta kau ke nan. Da farkon 1628, cikin tsananin sanyi, Komeniyus da waɗansu 'Yan'uwa suka haye duwatsu zuwa ƙasar Polan. Bisa ga labarin da ekklesiyarsu ta gada, da suka kai kan iyaka sai suka durƙusa, ya roƙi Allah ya bar wani iri a ɓoye cikin ƙasar, wanda zai tsiro wata rana. Bai sāke zama a ƙasarsa ba har mutuwarsa.

Suka sauka a garin Leszno, inda akwai makarantar 'Yan'uwa, ya koma aikin koyarwa. Mai karatu zai yi tsammani mutumin da ya rasa mata da 'ya'ya da gida da ƙasa ba zai sami zuciyar tunanin yadda ake koya wa yara baƙaƙe ba. Amma Komeniyus yana sa zuciya za su koma gida, ya kuma tabbata idan sun koma za su tarar da kango. Da me za a sāke gina jama'a? Da yara. Saboda haka ya zauna ya rubuta babban littafinsa a kan koyarwa, da harshen Cek tukuna, daga baya ya juya shi Latin da suna Didactica Magna, watau Babbar Hanyar Koyarwa.

A nan ya kamata mu dakata, gama cikin wannan littafi ne amsar tambayarmu take.

Bai fara da allo ko alli ba. Ya fara da tambayar ko mene ne mutum, ya kuwa ɗauko amsa daga Farawa sura 1, aya 26. Daga wannan aya ya fitar da abu uku. Allah ya yi mutum mai hankali, domin ya san abubuwa, ya ba su suna kamar yadda Adamu ya yi. Ya yi shi mai mulkin halitta, wanda kuwa zai mallaki halitta wajib ne ya fara mallakar kansa. Ya yi shi cikin siffarsa, domin ya san Mahaliccinsa, ya ji daɗinsa har abada. Saboda haka aikin makaranta uku ne: ilimi, da halin kirki, da ibada. Ya ce irin waɗannan uku yana cikin kowane ɗa tun haihuwa. Zunubi ya ɓata gonar, amma alherin Almasihu ya fi faɗuwar Adamu ƙarfi, malami kuwa manomi ne mai ban ruwa da cire ciyawa. Rai na duniya, in ji shi, shiri ne domin rai madawwami, kamar yadda zaman jariri a cikin ciki shiri ne domin fitowa duniya.

Ya ƙi yarda a raba ukun nan, a ce wannan sa'a ta ilimi ce, waccan ta ibada. Dalilinsa ke nan. Ya koyar cewa Allah ya ba mu littattafai uku. Na fari duniya ce, da dukan abin da ke cikinta, ana karanta ta da ido da kunne da hannu. Na biyu mutum ne kansa, da hankalin da Allah ya sa masa. Na uku Littafi Mai Tsarki, wanda ake karɓa ta wurin bangaskiya, shi ne kuwa yake bayyana abin da biyun farko ba su iya faɗa ba, yana kuma gyara mu inda muka karanta su a karkace. Da yake Mawallafinsu ɗaya ne, ba za su yi wa juna gardama ba. Yaron da yake duban yadda wake yake tsaga ƙasa ya fito, ko yake ƙidaya kwanakin wata, bai fita daga makarantar Allah ba. Wani shafi dabam ya buɗe. Aikin malami shi ne ya karanta shafin da gaskiya, ya kuma nuna wa yaron hannun wanda ya rubuta shi.

Sai mu lura da kyau, ba ya nufin malami ya liƙa aya a wutsiyar kowane darasin lissafi domin a ce an ambaci Allah. Ya yi gargaɗi a kan ibadar baki, wadda yaro yake haddacewa ba ta taɓa zuciyarsa ko ayyukansa ba. Abin da yake nema shi ne tsarin koyarwa duka ya fito daga abin da Littafi ya faɗa a kan Allah da mutum da duniya. Ga kuwa abin da ya biyo baya sa'ad da ya bi wannan hanya har ƙarshenta.

Idan kowane mutum siffar Allah ne, ashe kowane yaro ya cancanci makaranta: ɗan sarki da ɗan talaka, na birni da na ƙauye, mai kaifin kai da mai nauyin kai. Game da mai nauyin kai ya ce shi ne ma ya fi bukatar taimako. 'Yan mata kuma haka. A zamanin da mutane da yawa suke ganin karatun mace ɓata lokaci ne, ya tsaya a kan cewa su ma cikin siffar Allah aka yi su, su ma magādan alheri ne, sau da yawa kuma hankalinsu ya fi na maza kaifi. Ya tuna wa masu gardama cewa Allah ya sha yin aiki da mata wajen mulkin jama'a da ba sarakuna shawara da yin annabci.

Idan kuma duniya littafin Allah ce, ashe bai isa a ba yaro sunan abu ba, sai a nuna masa abin. Ya gani, ya taɓa, ya sansana, ya ɗanɗana in ya yiwu. In abin ba ya kusa, a kawo hotonsa. A fara da abin da ya sani a kai shi ga wanda bai sani ba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya ce Allah da kansa haka yake aiki cikin halitta, ba ya gaggawa, ba ya tsallake mataki. Tsuntsuwa ba ta jefa ƙwanta cikin wuta domin ya yi saurin ƙyanƙyashewa, takan kwanta a kansa har lokaci ya yi. Saboda wannan dalili kuma ya ce a fara karatu da harshen da yaro ya sha a nono. Koya wa yaro baƙon harshe tun bai iya nasa ba, a ganinsa, daidai yake da koya masa hawan doki tun bai iya tafiya ba.

Batun bulala fa? Ya hana a doki yaro domin bai gane darasi ba. In yaro bai gane ba, malami ya fara bincika kansa. Makaɗi, in garayarsa ta ƙi daɗi, ba ya naushinta ko ya buga ta da bango, sai ya gyara tsirkiya a hankali har murya ta daidaita. Horo mai tsanani ya ajiye shi domin laifin hali, kamar saɓo da taurin kai da mugunta, shi ma a yi shi ba da fushi ba, yadda yaron zai gane ana nemansa da alheri ne.

Ya raba shekarun koyo kashi huɗu, kowanne shekara shida. Daga haihuwa zuwa shekara 6, makarantar uwa, a kowane gida. Daga 6 zuwa 12, makarantar harshen gida, a kowane ƙauye. Daga 12 zuwa 18, makarantar Latin, a kowane birni. Daga 18 zuwa 24, jami'a, a kowace ƙasa ko babban lardi. A makarantar ƙauye ya so a koyi karatu da rubutu da lissafi da awo, da waƙoƙi da zabura, da labaran Littafi Mai Tsarki da manyan ayoyinsa, da tarihin duniya, da labarin ƙasa da na taurari, da abin da ya shafi tafiyar da gida da gari, har da sanin sana'o'in hannu. Sa'a huɗu kaɗai a yini za a zauna a aji, biyu da safe, biyu da yamma.

A ganina abin da ya fi daɗi cikin aikinsa duka shi ne ɗan littafin da ya rubuta domin uwaye. Ya nuna musu cewa tushen kowane ilimi a gida ake sa shi, ko uwar ba ta sani ba. Yaron da ya san rana da wata da taurari ya fara ilimin sama. Wanda ya san ɗakinsu da gidansu da hanyar gona ya fara labarin ƙasa. Wanda ya san jiya da yau da gobe ya fara tarihi. Uwar da take nuna masa waɗannan ita ce kuma take koya masa ya haɗa hannu ya yi godiya kafin ya ci abinci, ta ce masa wanda ya yi ranar nan shi ne ya ba da tuwon nan. A wurin ɗan shekara uku babu darasin addini dabam da sauran darussa. Komeniyus ya so makaranta ta ci gaba da abin da uwa ta fara.

Akwai wata matsala da ta dame shi ƙwarai, ya ba ta sura guda. Littattafan da ake koyon Latin da su a lokacin, na mawaƙan Roma ne na dā, cike da labaran gumaka da na fasikanci. Ya yi mamakin yadda makaranta za ta amsa sunan Almasihu, yara kuwa su fi sanin Jupita da Benus bisa ga Musa da Bulus. Ya ce a fitar da irin waɗannan, ko kuwa a yi amfani da su da lura ƙwarai. Amma bai rufe ƙofa duka ba. Ya yarda manyan ɗalibai waɗanda suka kafu cikin bangaskiya su karanta masu hikima irin su Seneka da Aflatun, gama akan sami gaskiya a wurinsu. Malamai da yawa na zamaninsa suka ga ya yi tsanani. Ko ya yi, ko bai yi ba, ya gane abin da waɗansu ba su gane ba, watau littafin da aka sa a hannun yaro domin koyon harshe yana koya masa fiye da harshe.

Bai tsaya ga zargi ba, ya rubuta nasa. A 1631 ya fitar da Janua Linguarum Reserata, watau Ƙofar Harsuna a Buɗe. Sura 100 ne, jimla 1,000, kalmomi wajen 8,000. Ya fara da halittar duniya, ya bi ta kan sama da ƙasa, itatuwa da dabbobi, jikin mutum, sana'o'i, gida da gari, makaranta da halayen kirki, ya kai ga mutuwa da jana'iza, ya rufe da kiyayewar Allah da mala'iku. Yaro yana koyon Latin, yana kuma zaga duniya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Littafin ya bazu ƙwarai, aka juya shi cikin harsunan Turai da yawa, har makarantun Katolika, na mutanen da suka kore shi, suka karɓe shi. A 1632 aka naɗa shi bishop.

Daga nan ƙasashe suka yi ta kiransa. A 1641 ya je Landan bisa ga gayyatar abokansa, ana maganar kafa makarantar masana, sai rikicin da ya kai ga yaƙin basasa na Ingila ya watsa shirin. A 1642, a kan hanyarsa ta Holan, ya zauna wajen sa'a huɗu da Descartes, shahararren masanin Faransa. Suka rabu da ladabi, amma ba su daidaita ba. Descartes ya so ya gina ilimi a kan hankali, ya bar al'amuran bangaskiya a gefe ɗaya. Komeniyus ya ce ilimin da aka gina a kan ido da hankali kaɗai, ba tare da abin da Allah ya bayyana ba, gurgu ne. Yawancin makarantun Turai daga baya hanyar Descartes suka bi, shi ya sa gardamar ranar nan ba ta tsufa ba.

Ya wuce Swidin. Wazirin ƙasar, Oxenstierna, ya ce masa ya ajiye manyan mafarkansa ya rubuta musu littattafan makaranta. Ya yarda, ya yi shekara shida yana wannan aiki a garin Elbing, yana sa zuciya idan an zo sulhu Swidin za ta tuna da mutanensa. A 1648 aka yi sulhun Westfaliya, ba a ko ambaci 'Yan'uwa ba. Bohemiya da Morabiya suka zauna a hannun gidan sarautar da ya kore su. A wannan shekara matarsa ta biyu ta mutu, aka kuma ɗora masa shugabancin ekklesiyar da take watsewa a gaban idonsa.

Daga 1650 zuwa 1654 yana Sarospatak, a ƙasar Hungari, inda gidan sarautar Rakoczi suka ba shi makaranta ya gwada tsarinsa. Ya shirya aji bakwai, uku kaɗai aka buɗe. Malaman ba su son sabuwar hanya, ɗaliban kuma sun saba da ƙyuya. Da ya ga haka sai ya mai da darussan wasan kwaikwayo, yara suka farka. A can ne kuma ya shirya littafin da ya fi dukan littattafansa suna, Orbis Sensualium Pictus, watau Duniyar da Ake Gani Cikin Hotuna, wanda aka buga a Nuremberg a 1658. Ana lissafta shi cikin littattafan hoto na fari da aka yi domin yara. A farkonsa akwai baƙaƙe tare da kukan dabbobi, hankaka domin A, tunkiya domin B. Sa'an nan sura 150, kowace da hotonta, kowane abu cikin hoton da lambarsa, lambar kuma tana kai yaro ga sunan abin da Latin da harshensa. Akwai mai tuya burodi da masunci, masaƙi da baduku, jirgin ruwa da kasuwa, aure da yaƙi. Sura ta fari a kan Allah take, ta ƙarshe a kan ranar shari'a. Tsakaninsu babu wa'azi mai yawa. Surar ƙudan zuma a kan ƙudan zuma take. Amma yaron da ya bi littafin daga bango zuwa bango ya san daga ina dukan abubuwan nan suka fito, ya san kuma inda za su. An yi fiye da shekara 100 ana sāke buga shi.

Ba za mu ɓoye kurakuransa ba, gama akwai abin koyo a cikinsu. A 1633 ya fitar da littafin ilimin halitta wanda ya yi ƙoƙarin gina shi a kan surar fari ta Farawa, kamar Musa ya rubuta ta domin ya koyar da yadda abubuwa suke aiki ne. Ya kuma ƙi yarda da koyarwar Kopanikus cewa duniya ce take kewaya rana, ko da yake shi da kansa ya sayi rubutun hannun Kopanikus a Heidelberg a 1614. Har cikin littafin hotunan yara, duniya tana tsaye a tsakiya, sama tana juyawa kewaye da ita. A nan ya saɓa wa koyarwar kansa. Shi ne ya ce halitta littafin Allah ce wadda ake karanta ta da ido, amma da masu duban taurari suka karanta wani shafi da kyau, sai ya ƙi, yana tsammani yana tsaron Littafi Mai Tsarki ne, alhali fassararsa yake tsaro. Kuskure na biyu ya fi ciwo. Ƙishin komawa gida ya sa ya gaskata waɗansu masu cewa an yi musu wahayi, musamman wani Drabik, abokin ƙuruciyarsa, wanda ya yi ta annabcin faɗuwar maƙiyansu. Komeniyus ya buga annabce-annabcen a 1657. Ba su cika ba, sunansa kuwa ya zube a idon masana da yawa.

Kafin wannan wata masifa ta riga ta same shi. A 1655 Swidin ta kai wa Polan yaƙi, Leszno ta buɗe wa sojojin Swidin ƙofa, Komeniyus ma ya rubuta yabon sarkinsu. A watan Afrilu, 1656, mayaƙan Polan suka ƙone garin ƙurmus. Yana da shekara 64. Gidansa da littattafansa suka tafi, sai 'yan takardun da ya binne a rami. Cikin abin da wuta ta ci har da ƙamus na harshen Cek da Latin wanda ya yi fiye da shekara 40 yana tattarawa.

Wani attajiri, Laurens de Geer, ya kira shi Amsterdam, ya ɗauki nauyinsa. A can aka buga dukan rubuce-rubucensa na koyarwa a haɗe a 1657. Ya ci gaba da tara gudummawa domin 'Yan'uwa da suke warwatse. A 1660 ya buga tarihin ekklesiyarsu da tsarin horonta, domin kada a manta da su. A 1668, yana tsoho, ya rubuta ɗan littafi wanda ya ɗauko sunansa daga maganar Ubangiji ga Marta cikin Luka sura 10, a kan abu ɗaya da ake bukata. A ciki ya waiwayi tafiyarsa duka, ya amsa cewa ya sha ɓata hanya cikin hidimomi masu yawa, ya ce yanzu Almasihu kaɗai ya isar masa. Ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1670, aka binne shi a Naarden, kusa da Amsterdam.

A 1722 waɗansu iyalai daga Morabiya, daga ƙauyukan da suke kewaye da Fulnek, suka tsere zuwa Jamus, suka sauka a ƙasar wani basarake mai suna Zinzendorf, suka gina garin Herrnhut. Kakanninsu sun riƙe bangaskiya a ɓoye shekara 100. A 1727 Zinzendorf ya sami littafin nan na Komeniyus a kan horon 'Yan'uwa a wani ɗakin karatu, ya gane ashe baƙinsa 'ya'yan tsohuwar ekklesiya ne. A 1732 suka aiki masu bishara na fari zuwa wurin bayi a tsibirin Sen Tomas, a 1737 kuma suka kai Afirka ta Kudu. Wanda ya ɗibiya wa bishop ɗinsu na fari hannu a 1735 shi ne Daniyel Jablonski, jikan Komeniyus ta wajen 'yarsa.

Babban aikin da ya mutu bai gama ba, a kan gyaran al'amuran 'yan Adam duka, ya ɓace fiye da shekara 200. Sai cikin shekarun 1930 wani masani ya tarar da rubutun a ɗakin littattafan gidan marayu na Halle, a Jamus. Aka buga shi a Prag a 1966. A ƙasarsa, ranar haihuwarsa, 28 ga Maris, ita ce ranar malamai.